Muhawara: yaya wanda ido ya tafi zai riƙe kuɗinsa da kansa?

Maman Iro, Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar zauren Maradi. Shawara nake nema a kan mahaifinmu. Hawan jinin ido ya cinye masa gani, yanzu ko hasken fitila da ƙyar yake ganewa. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da hatsi a babbar kasuwa, har gobe in ka ce masa tiya kaza a kan farashi kaza zai ba ka jimla kafin ka ciro waya. Amma takardar kuɗi ta gagare shi. In yayyena sun aiko masa ta kamfanin aika kuɗi na Nita na karɓo na damƙa masa, sai ya yi ta shafawa yana tambaya, wannan jika biyu ce ko biyar? Abin da ya fi ci mini rai, ya bar ba jikoki kuɗi da hannunsa, ya bar miƙa sadakar Juma'a, don kada ya yi tambaya a gaban mutane. Masu irin wannan lalura wace dabara suke yi?

Alhaji na Mokoyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa kaffara ne. Ɗiyata, ki duba cikin jikokin ki zaɓi yaro guda mai amana, ya riƙe masa lalita. Haka muka taso muka gani, kowane makaho da ɗan jagoransa. Kuma garin nan, alhamdu lillahi, mutane na jin tsoron haƙƙin makaho.

Mai Farar Sanda:
Alhaji, a gafarce ni, amma ban yarda ba. Ni makaho ne tun ina yaro, ƙyanda ce ta tafi da idon. Saƙar kujeru nake yi da igiyar roba, ina saye ina sayarwa, kuma kuɗina a aljihuna suke kwana. Waya ce ke karanta mini saƙonninku, da bakin Faransanci take furta Hausar, tana fita a karkace amma ina ganewa.

Maganar ta wuce sata. Ko yaron ya fi kowa gaskiya, ranar da ka ba shi lalitarka ka ba shi sirrinka. Zai san abin da ɗanka ya aiko, zai san nawa ka ranta wa surukinka. Uwarsa za ta sani, kishiyar uwarsa ma za ta ji. Dattijon da ya ciyar da gida shekara da shekaru, a ce sai ya nemi jika kafin ya sayi goro? Shi ya sa Baba ya bar sadaka. Ba kuɗin ne babu ba.

Maman Iro, ga abin da nake yi. Takardun sefa biyar ne: dala ɗari (500), jika (1.000), jika biyu, jika biyar da jika goma. Kowace ta fi wadda ke ƙasa da ita tsawo da faɗi. Sai in cusa takarda tsakanin manuniya da yatsan tsakiya har ta taɓa gindinsu, in ji inda bakinta na sama ya tsaya. A hannuna, dala ɗari tana tsayawa wajen gaɓar ƙarshe, jika goma tana kaiwa kusa da kan yatsa, sauran suna tsakani. Hannun Baba daban ne da nawa, don haka shi zai nemo alamarsa. Ki samo sababbi guda biyar, ki zauna da shi ku kaɗai bayan la'asar, ki riƙa miƙa masa a cakuɗe yana faɗa.

Maman Iro, Zariya:
Malam, Allah ya saka da alheri. To amma a kasuwa ko a ƙofar masallaci, zai tsaya yana awo da yatsa?

Mai Farar Sanda:
A'a, Yaya. Awo a ɗaka ake yin sa. Abin da ake fita da shi waje ninki ne. Tun da dare nake shirya kuɗina. Dala ɗari ina barin ta a miƙe. Jika in ninka ta biyu. Jika biyu in ninka ta a tsawo, ta zama siririya. Jika biyar in ninka ta sau biyu, ta dawo 'yar dunƙule. Jika goma ba ta zama tare da su ko kaɗan, tana aljihun ciki mai zif, kuma ba na fita da ita sai na san abin da za ni saye. In na sa hannu a lalita, ninkin ke gaya mini, ba wanda ya san ina lissafi.

Kada ki ce dole sai irin ninkina. Ki bar Baba ya tsara nasa, kuma shi zai ninka da hannunsa. Abin da wani ya ninka maka, ba ka da tabbas a kansa.

Mushe na lakwal:
In ƙara a kan na Malam. Yatsun tsofaffi ba su da saurin ji kamar na wanda ya saba tun yana yaro, musamman mai ciwon suga. Tsakanin jika biyar da jika goma bambancin 'yan milimita ne kawai. Akwai ma'auni da kowa zai iya yi a gida. Ki sami kwali mai kauri, irin na kwalin sukari, ki manna masa wani sirantaccen kwali a gefen hagu da ƙasa, ya zama kusurwa da takarda za ta jingina. Ki ɗora kowace takarda sabuwa a kusurwar, inda tsawonta ya ƙare ki yanka tsaga a bakin kwalin. Tsaga biyar ke nan. Shi kuma in ya jingina takarda, ya bi bakinta da farce, ya ƙidaya a tsaga ta nawa ta tsaya. Dala ko ɗaya ba za ki kashe ba.

Sai maganar jagora, Alhaji. Yaron nan da ke riƙe da sanda tun safe har azahar, kujerarsa ce nake gani babu kowa a aji. Duk dabarar da za ta rage wa makaho buƙatar yaro, yaron ma ta taimaka.

Alhaji na Mokoyo:
Mushe, ban ce a cire yaro daga lakwal ba. Kuma hidimar kaka lada ce, tarbiyya ce. Ku masu boko komi sai kun ce mutum ya tsaya shi kaɗai. To in an ba shi jabu fa? Kwali zai gaya masa jika goma ta ƙarya ce? Girmansu ɗaya.

Mai Farar Sanda:
Nan kam kun faɗi gaskiya, Alhaji. Kwali ba ya kama jabu. Sabuwar takarda ta gaskiya tana da kaushi-kaushi a wajen rubutun, tana da ƙara in ka kaɗa ta, ta jabu sau da yawa santsi gare ta kamar takardar kaye. Amma in ta tsufa duk wannan ya tafi. Shi ya sa babbar takarda ba na karɓar ta daga baƙo sai a gaban wanda na sani. In mutum ya sayi kujera ya miƙo jika goma, sai in ce mu je wajen maƙwabcina mai shayi a yi canji. Ina neman idon wani a inda ya kamata, sau ɗaya, da bakina. Wannan daban yake da a karɓe mini lalita gaba ɗaya.

Mai shago Bagalam:
Ni ina ganin rabin matsalar daga wajenmu take, mu masu ba da canji. Dubi yadda ake yi: a haɗa takardu da ƙarafa a dunƙule a tura a hannun mutum, a ce "na gaba". Mai ido ma sai ya tsaya ya warware, balle wanda ba ya gani.

Akwai wata baiwar Allah da ke sayayya a shagona, ita ta koya mini. Ta sayi kaya na jika da dala saba'in, ta ba ni jika biyar. Ta ce, ɗana, ɗaya-ɗaya za ka ba ni, kana faɗa. Na ce ga jika biyu. Ta karɓa ta ninka ta sa a wani ɓangare na zaninta. Ga jika ɗaya. Ta ninka ta daban. Ga dala ɗari. Sannan ƙarafa, dala ashirin da dala goma, waɗannan ko faɗa ban yi ba ta riga ta gane su. Duka bai ɗauki minti guda ba. Kuma ita ma kafin ta miƙo nata sai da ta ce "jika biyar ce na ba ka", a gaban mutanen da ke tsaye. Ka ga an rufe ƙofar gardama ke nan, ni ba zan ce jika biyu ta ba ni ba, ita ma ba za ta zarge ni ba. Yanzu duk yaran shagona haka na sa su yi wa tsofaffi, masu gani da marasa gani.

Hajiya 'yar Tibiri:
Allah ya yi maka albarka, mai shago. Ina so in tuna mana cewa ba kowa ne ido ya rufe masa ruf ba. Mafi yawan tsofaffinmu suna gani dishi-dishi. Innata da launi take gane kuɗi. Jika ja-ja ce, dala ɗari ruwan goro, jika biyu shuɗiya, jika biyar koriya, jika goma shunayya. Da rana lafiya lau. Amma in dala ɗari da jika sun sha hannu, sun sha manja da zufa, launinsu kusan ɗaya yake komawa. Da magariba kuma jika biyu da jika goma suke ruɗa ta, wannan kuwa asarar jika takwas ce a miƙa hannu ɗaya. Sai na ɗinka mata 'yar jaka mai aljihu huɗu, na sa maɓalli ɗaya a na farko, biyu a na biyu, haka har na huɗu. Babba kuma tana cikin akwati.

Wani abu kuma, don Allah a riƙa kai su likita. Na Baban Maman Iro hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare saura da magani. Amma yanar ido ana yi mata aiki mutum ya koma yana gani. Akwai tsofaffi da yawa a ƙauyukanmu da suka haƙura sun ce tsufa ne, alhali yana ce.

Ɗan canji, Ɗan Isa:
Duk kuna maganar sefa, kun manta a Maradi muke. Wanda ke zuwa Jibiya ko Katsina, ko mai 'ya'ya a Kano, naira na shiga hannunsa. To awon yatsa da kwali ba sa aiki a kanta. Naira 100, 200, 500 da 1.000 duk girmansu ɗaya ne. Ƙananan, wato 5, 10, 20 da 50, na leda ne, su ma girmansu ɗaya a tsakaninsu. Abin da hannu zai iya gaya maka kawai shi ne leda ce ko takarda. A ƙarshen 2022 an sake launin 200 da 500 da 1.000, ga tsofaffin ga sababbin suna yawo tare, mai gani dishi-dishi da ya haddace launin da sai ya sake sabon karatu. Girman kuwa ba a taɓa shi ba.

Shawarata, mai lalurar ido kada ya haɗa naira da sefa a lalita ɗaya. Kuma in ya zo canji ya ce a ba shi iri ɗaya zalla, ko duka 'yan 500 ko duka 'yan 1.000. In iri ɗaya ne, ƙidaya kawai ta rage.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo:
Gaisuwa ga manya. Ni mamakina, muna ta kwali da ninki alhali waya ta gama wannan aikin. Akwai manhajoji da za ka nuna wa kyamara takarda su faɗi ko nawa ce. A Indiya babban bankinsu da kansa ya fitar da irin wannan a 2020, sunanta MANI, kyauta. Akwai kuma Be My Eyes, wadda ke haɗa makaho da mai gani ta kiran bidiyo ya duba masa abu. Yawancin wayoyin Android kuma suna da TalkBack a ciki, mai karanta rubutun waya da murya, kunnawa kawai ake yi. Me zai hana mu koya wa iyayenmu?

Mai Farar Sanda:
Ƙanena, da TalkBack ɗin nake maka wannan amsa, don haka ba ƙin waya nake ba. Amma ka zo mu je kasuwa ranar Litinin ka gani. Hannu ɗaya sanda, hannu ɗaya kaya, da wanne zan riƙe waya, da wanne zan miƙe takarda a gaban kyamara? Ga hayaniya, sai na ƙure murya. In na ƙure, wayar ta yi shela kowa ya ji jika goma ce a hannun makaho. Kiran bidiyo kuma sai da kuɗin intanet da rezo mai kyau. Sannan duk manhajar da za ka ɗora wa mutum, ka fara gwada ta da sefa, da tsohuwar takarda mai datti, ba sabuwa daga banki ba.

A ɗaka waya tana da amfani ƙwarai. In an biya ni da yamma, in kira ƙanwata ta bidiyo in nuna mata, ta faɗa, in ninka. Amma Baba mai shekaru da bai taɓa shafa gilashin waya ba, ka fara masa da abin da hannunsa ya riga ya sani.

Ɗalibi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo:
Na ji, Malam. Zancen shelar ban kawo shi a raina ba. Da abin sawa a kunne fa?

Mai Farar Sanda:
Kunnena shi ne idona a titi. In na toshe shi, kabu-kabu zan ji ko waya?

Bamaraɗe a Amurka:
Ina biye da ku daga nesa. Kada ku ɗauka ƙasashen masu kuɗi sun gama da wannan. Dalar Amurka, daga 1 har 100, girmanta ɗaya. Ƙungiyar makafin ƙasar ta kai gwamnati kotu, a 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. Yanzu gwamnati na raba wa makafi wata 'yar na'ura kyauta da ke karanta takarda, ta faɗa da murya ko ta yi rawa a hannu. Duk da haka makafin nan ma ninki suke yi, irin na Malam. Ingila kuwa ta sa ɗigo-ɗigo masu tudu a kusurwar fam 10 na leda da ta fitar a 2017, Kanada ma tana da irin su. A wannan fanni sefa ta fi dala, tunda ko ba komi girmanta ya bambanta.

Mushe na lakwal:
Abin lura a labarinka shi ne makafin da kansu suka tashi. Mu ma muna da ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, ga makarantar Soli Abdurahaman a Yamai da ta daɗe tana koyar da rubutun makafi. Takardun da muke riƙe da su tun 2003 suke, in ban da dala ɗari da ta fito a 2012. Ko ba daɗe ko ba jima za a sake su, ko BCEAO, babban bankin da ke buga sefa, ce ta sake, ko wani kuɗin ne ya zo kamar yadda ake ta magana. Kafin a zana ya kamata a zaunar da makafi a ba su samfuri su taɓa. Kuma a gwada alamar a kan takardar da ta kwana a ƙullin zani ta sha wanki, don a nan ƙasar haka kuɗi ke rayuwa.

Alhaji na Mokoyo:
Kun tuna mini 2004, lokacin da aka janye tsofaffin takardu aka ce kowa ya kai ya canza kafin wa'adi. Masu ido sun ji a rediyo sun ga sababbin. Tsofaffi marasa gani da suka ɓoye kuɗi a tukunya ba su gaya wa kowa ba fa? Na san wadda sai bayan rasuwarta aka tarar da ƙullinta, ya zama takarda kawai. Shi ya sa nake cewa sirri ma in ya yi yawa cuta ne. Na yarda ya riƙe na kashewarsa. Amma ajiya babba, dole a sami mutum ɗaya da ya sani.

Hajiya 'yar Tibiri:
Wannan gaskiya ne, Alhaji. Amma babba cikin 'ya'yansa, wanda shi ya zaɓa. Ba yaro ɗan shekara goma ba.

Mai shago Bagalam:
Akwai wata cuta da ba a ambata ba, kuma ita ta fi yawa. Ba a rage wa makaho kuɗinsa, amma shi ake juye wa ruɓaɓɓu. Takardar da ta yage aka liƙe da salatif, wadda kusurwa ta gutsure, dala hamsin ta ƙarfe da mutane ke ƙi, dala ashirin da ta goge. Mai ido zai ce canza mini, shi kuwa sai ya je gaba an ƙi karɓa sannan ya sani. Wanda ya yi haka yana ganin bai ci haƙƙi ba tunda lissafi ya cika. Wallahi ya ci.

Ɗan canji, Ɗan Isa:
Haka ne. Kuma mutane su sani BCEAO tana da reshe a nan Maradi, canza lalatattun takardu da gogaggun ƙarafa yana cikin aikinta. Ɗan kasuwa da ke tara su ya fi makaho sanin hanyar can. Ya tara nasa ya kai, ya bar neman wanda zai liƙa wa.

Mai Farar Sanda:
Gogaggen ƙarfe kam ba a cuta ta da shi, yatsa ya fi ido saurin kama shi. Salatif ma ina ji. Abin da ba na ji shi ne takardar da ta koɗe ko aka yi wa rubutu da biro. Kuma tsohuwar dala ɗari in ta yi laushi ba ta riƙe ninki, shi ya sa na bar ta a miƙe.

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari:
Malam, tambaya gare ni. Wani dare na ɗauko wani dattijo mai sanda, da muka isa ya miƙo mini jika biyar yana cewa ga dala ɗari, ba ni canji. Na ce Baba wannan jika biyar ce. Sai na ga jikinsa ya yi sanyi, ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Ga mutane a wurin. Abin ya tsaya mini. Yaya ya kamata in faɗa ba tare da na kunyata shi ba?

Mai Farar Sanda:
Allah ya tsare maka hanya, ɗan'uwa, daidai ka yi. Abin da zan ƙara, ka matso kusa ka sassauta murya, shi kaɗai ya ji. Ka mayar masa da takardar a tafin hannunsa tukuna, ka ce "Baba, jika biyar ce, a adana ta daban", ka jira ya sa ta inda yake so. Kada ka sa hannu a aljihunsa ko lalitarsa don ka taya shi nema, ko da niyyar alheri ce. In ba shi da ƙarami sai wannan ɗin, ka lissafa masa canjin ɗaya-ɗaya kamar yadda mai shago ya faɗa, babba a fara, ƙarafa a ƙarshe. In kuma da yaro tare da shi, da dattijon za ka yi magana, kuma a hannunsa za ka sa canjin, ba a hannun yaron ba.

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari:
To Malam, na gode. Zan faɗa wa 'yan tasharmu gobe da safe.